Aikin Gefen Gona: Kundin Kula da Malam-buɗe-littafi da Ƙudajen Daji a Ƙasar Yamaltu

16 ga Nuwamba, 2024

Yau muka gama kafa turaku. Wurin da muka keɓe ɗan siririn gefe ne mai faɗin mita 3, ya bi iyakar gonar makarantarmu ta gabas, ya karya ya bi ta maƙwabcinmu Baffa, ya ƙare a bakin wani kwari da ke kwashe ruwan damina ya kai kogin Gongola. Ina koyar da darasin aikin gona ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Yamaltu/Deba, nan kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa. Masu taya ni aikin ɗalibaina ne, da wasu manoma maƙwabta da suka ba mu aron bakin gonakinsu. Sharaɗinmu da su guda ne: daga yau har shekara ta zagayo, wannan gefe ba za a nome shi ba, ba za a cinna masa wuta ba, ba za a fesa masa komai ba.

Dattawan garin nan bakinsu ɗaya a kan cewa da can, idan damina ta ja baya, hanyar rafi cika take yi da malam-buɗe-littafi, kuma da wuya ka ga babbar ɗorawa babu amya a kanta. Yanzu abin ya ragu ƙwarai. Ba wanda ya taɓa ƙirgawa ya rubuta a nan, shi ya sa rabin aikinmu ƙirge ne, ɗaya rabin kuma barin wuri ya huta.

Abin da nake so ɗalibai su riƙe tun farko shi ne, fure abincin babban malam-buɗe-littafi ne kawai. Kafin ya yi fiffike tsutsa ce, tsutsa kuwa ganye take ci, kuma kowace da nata. Mai ruwan goro da baƙin baki a fiffike, tumfafiya ce gidansa. Farare da masu ruwan ɗorawa da ke tashi jere-jere, a tafasa da rai-ɗore suke ƙyanƙyashewa. Akwai wasu farare masu baƙar jijiya da ba su san kowa ba sai anza da jiga da danginsu. Babban baƙin nan mai ɗigon rawaya kuwa ganyen lemu ne nasa. In ka cire lemu, duk sauran ba mai shuka su, kuma su ake fara sarewa ranar sharar gona. Ko ka cika tsakar gida da furen kallo, in babu waɗannan a kusa, baƙi kawai za ka yi, su sha su wuce, ba inda za su ajiye ƙwai.

Da muka je gaida Jauro, mai garin, muka sanar da shi, ya saurara tsaf sannan ya ce, "Malam, ban hana ba. Amma ka sani, in maciji ya fito daga ciyawar nan ya sari wani, ƙofata za a fara zuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗauki nauyin share hanya a kowane ɓangare, kuma yaro ba zai shiga ba sai da takalmi rufaffe da babba a tare." Gaskiyarsa ce. A jihar da asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba ya rabuwa da majinyata, ba a wasa da zancen kububuwa.

7 ga Disamba, 2024

Wuta ta tashi jiya da la'asar a saurar da ke arewa da mu. Yara ne masu neman gafiya. Sharar da muka yi mai faɗin mita 2 a kewayen gefen namu ita ta tsayar da ita.

Da safe muka shiga cikin tokar muna tsaga busassun karare da suka sha wuta. A cikin wasu muka ga ɗakuna a jere, kowanne da ƙonanniyar tsutsa da ɗan dunƙulen garin fure da uwa ta ajiye mata. Waɗannan 'ya'yan ƙudan zuma ne, amma ba na amya ba. Ƙudan zuma a duniya ya haura iri 20,000, kuma mafi yawansu ba sa taro, ba sa yin zumar da za a sha. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta, a ƙasa, ko a kara, ko a mataccen itace, 'ya'yanta su yi zaman jiran damina a ciki. Su wutar daji ke cinyewa ba wanda ya sani.

Mun tara kututtura da busassun rassa a kusurwa guda. Goggo, wadda ta saba yin itacen girki a nan, mun sasanta da ita: za mu riƙa kai mata rassan dogon yaro da ake sassabewa a makaranta, ita kuma ta bar mana waɗannan.

11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, komai ya bushe ya yi fari, tumfafiya ce kaɗai tsaye da ɗanyen ganyenta.

Wata ɗaliba ce ta fara gano ƙwan. Ta juya ganye ta kira ni: ɗan ƙanƙane, fari-fari, guda ɗaya tak, bai kai ƙwayar gero ba. Uwar ba ta zube su wuri guda, ɗai-ɗai take rarrabawa. A wani gindin muka tarar da tsutsar da ba ta daɗe da ƙyanƙyashewa ba, muka tsuguna muna kallon yadda take cin abinci. Kowa ya san farin ruwan nan mai kauri da ke fitowa in an tsinke ganyen tumfafiya. Ga tsutsa ƙarama yana iya zama ajali, ya liƙe mata baki. Don haka ba ta faɗa wa ganyen kai tsaye. Sai ta fara gatsa da'ira a fatarsa, ruwan ya tsiyaye ta gefe, sannan ta koma tsakiya ta ci inda ya tsane. Yaran sun yi tsit suna kallo har ta gama zagayen.

In ta girma sai jikinta ya yi zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da siraran ƙahoni masu laushi guda 6, biyu-biyu. Daga nan ta rataye kanta a ƙarƙashin reshe cikin kwanso kore-kore mai ɗigon zinariya. Daga ƙwai zuwa tashi kusan wata guda ne, ya fi sauri in ana zafi. Dafin da ta kwasa a ganyen yana nan a jikinta har bayan ta yi fiffike, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya ba ya sake marmarin mai wannan launi, shi ya sa kuma za ka ga yana tashi a natse, ba ya gudun kowa. Masana na kiransa Danaus chrysippus, kuma namu na Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne, da shi ake bambanta shi da na wasu yankuna.

Hanyar ƙirgen da muke bi ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Wani masani a Ingila, Ernest Pollard, shi ya tsara ta, kuma da ita ake ƙirga malam-buɗe-littafi a can tun 1976. Ka zaɓi hanya guda ka riƙa binta a hankali duk mako, kana rubuta abin da ya gifta cikin mita 2 da rabi a damarka, 2 da rabi a hagunka, da mita 5 a gabanka. Wanda ya tashi ta bayanka ba naka ba ne. Ba a fita sai rana ta ɗaga, iska ta lafa. Hanya biyu muke bi: gefen namu, da wani gefen gona mai tsawo ɗaya da ake nomewa ana ƙonawa yadda aka saba, don mu sami abin kwatantawa. Wanda ba mu gane ba sai mu ɗauki hotonsa da waya mu ɗora a iNaturalist, wata manhajar tantance halittu, waɗanda suka san su su taimaka da suna. Ba ma kamawa, ba ma kashewa.

Wannan wata littafin bai cika ba. Mai tumfafiya ne, sai wasu 'yan ƙanana masu shuɗi-shuɗi da ke zagaya bagaruwa.

22 ga Fabrairu, 2025

A lambun Baffa muka wuni yau, can ƙasan madatsa inda ake noman rani. Kankanarsa ta fara fure. Tun bara yake kuka da yadda 'ya'yan ke fitowa a karkace, gefe ɗaya ya cika, ɗaya ya tsuke, 'yan sari daga Gombe su ware su gefe su yi musu tayin wulaƙanci. Shi iri da taki yake zargi.

Da rana ta ɗan ɗaga na ja shi cikin kunyoyin. Na nuna masa furen namiji mai siririn wuya, da na mace mai 'yar ƙwallo a ƙarƙashinsa. Wannan ya san shi tun kafin a haife ni. Abin da bai sa wa ido ba shi ne, furen mace safiya ɗaya tak yake buɗewa, rana na karyawa ya rufe, kuma ya rufe ke nan. Garin furen kankana nauyi gare shi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya kwaso a gashin jikinsa. Kan furen mace kashi uku ne, kuma sai garin ya wadaci kowane kashi kafin ɗan ya fito a mulmule. Masana sun ƙiyasta sai ƙuda ya sauka aƙalla sau 8 a fure ɗaya. In ya taɓa gefe guda ya tafi, ga karkatacciyar kankana nan.

Muna tsaye sai ga yaron da ke masa feshi ya taho da famfo a goye, ya riga ya haɗa magani. Furanni duk a buɗe, ƙudaje na ta kai da kawowa.

"Baffa, don Allah a dakata da feshin nan zuwa yamma."

"Haba ɗana, ai da safe ake feshi. Haka kowa ke yi."

"Da safe ma'aikatanka suke ciki, Baffa. In aka bari sai la'asar sakaliya, furen ya rufe, sun koma gida, maganin ya kwana ya bushe kafin na gobe su buɗe."

Ya yi shiru yana kallon wani ɗan ƙuda da ya fito daga fure, jikinsa rawaya sumul. Can ya ce wa yaron ya sauke famfon.

Yaron bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Kuɗinsa a kan kowane tanki ne. Da safe yakan gama lambu biyu ko uku kafin rana ta yi zafi, amma tsakanin la'asar da magariba ɗaya kawai zai samu. Baffa ya yarda ya ƙara masa wani abu a kan kowane tanki. A ganina duk wanda zai yi wa manoma wa'azin canza lokacin feshi, to ya fara zama da waɗannan samari, domin famfon a bayansu yake, ba a bayan mai lambu ba.

Na kuma gaya wa Baffa cewa feshin yamma rage ɓarna yake yi, ba kawar da ita ba. Akwai magunguna, irin rukunin da ake kira niyonikotinoyid, da ke shiga jikin shuka su bi ruwanta har cikin fure, ko da wane lokaci aka fesa. Tarayyar Turai ta hana amfani da guda 3 daga cikinsu a fili tun 2018, saboda ƙudan zuma. Sannan akwai masu aikin dare: furen duma da yamma yake buɗewa, malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki ke ziyartarsa. Abin da ya fi shi ne a duba ganye tukuna, in ƙwari ba su kai a fesa ba, a bari. A lambunan nan an mai da feshi aikin kowane mako, da ciwo da babu.

22 ga Maris, 2025

Goman ƙarshe na azumi, zafi ya kai inda ya kai. Mun rage fita, ƙirgen ma da hantsi muke yinsa mu dawo.

Ruwa shi ne matsalar wannan wata. Ƙudan zuma na ɗebo ruwa ya sanyaya gidansa, in ya rasa ruwa da fure sai ya tattara ya ƙaura. A bakin famfon makaranta suke taruwa, yara na tsoro suna kai musu duka. Mun ajiye kasake a inuwa can nesa da aji, muka zuba tsakuwa da guntayen kara a ciki don su sami wurin sauka kada su nutse. Ana canza ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro. Cikin mako guda bakin famfo ya yi sauƙi.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a daji, ba a gefen namu ba. Masu neman zuma sun sami ƙudaje a kogon wata tsohuwar kirya, suka cusa wuta da dare, suka kwashe saƙar duka har da ta 'ya'ya. Da safe ƙasa baƙi ƙirin da gawar ƙuda, bishiyar kuma na ci ta ciki. Zumar galan ɗaya ta ci gida guda da itacen da ya girmi duk wanda ke wurin. Ban zarge su da mugunta ba, zuma tana kuɗi a azumi. Amma mai amya na gargajiya da ya san aikinsa hayaƙi yake sa wa, ya ɗebi rabi ya bar rabi, baɗi ya dawo ya tarar da su. Mun nemi wani dattijo mai amya ya zo bayan salla ya nuna wa samarin, tare da akwatin zamani mai sanduna da ake ɗaga saƙa ɗai-ɗai ba tare da an taɓa ta 'ya'ya ba.

A katangar tsohon ɗakin ajiya kuma ɗalibai sun gano gidan ƙananan ƙudajen nan marasa harbi, waɗanda ke damun mutum a ido in yana gumi. Ƙofarsu ɗan bututun kaki ne da ya leƙo daga tsagar bango. Yara kan tone su saboda zumar da ba ta wuce cokali ba. Binciken da aka yi a Gana da Burkina Faso ya nuna su da ƙudan amya ne manyan masu ziyartar furen kaɗanya, kuma bishiyar ta fi ɗaure 'ya'ya in sun samu isa gare ta. Na ce wa ɗaliban da suka fito daga wajen Kaltungo da Billiri su kai wa iyayensu mata wannan labari, tunda su ke tsintar kaɗe.

20 ga Mayu, 2025

Yau ce ranar ƙudan zuma ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a ƙarshen 2017 aka fara yi a 2018. Mun yi ɗan taro a makaranta, Liman ya buɗe da addu'a, ya tuna wa jama'a cewa sura guda a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma aka sa mata.

Na karanto musu abin da babban rahoton masana na duniya na 2016 ya ƙunsa: kusan kashi 90 cikin 100 na tsire-tsiren daji masu fure, da fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona, suna amfana da barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi. A wuraren da aka yi ƙirge, sau da yawa fiye da kashi 40 cikin 100 na nau'o'in ƙudan zuma suna cikin haɗari, kuma rahoton da kansa ya ce bayanai daga Afirka sun yi ƙaranci. Wani manomi ya ɗaga hannu ya ce shi dawa da masara da shinkafa yake nomawa, ina ruwansa? Na ce tuwonsa bai dogara da ƙuda ba, wannan gaskiya ne, iska da shukar kanta sun wadatar. Amma kabewa, agushi, kankana, mangwaro, irin albasa, da riɗin da yake sayarwa ya yi wa yara kayan salla, duk da hannun ƙwari a ciki. Ɗorawa da kuka ma jemage ke yi musu aikin dare. Ba na son a riƙa tsorata mutane da cewa abinci zai ƙare gaba ɗaya. Miya ce da kuɗin aljihu za su ragu, kuma wannan ya isa dalili.

21 ga Yuni, 2025

Ruwa ya zauna, an yi shuka. Mun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na gefen namu. An fesa maganin ciyawa a wata gona da ke maƙwabtaka ranar da ake iska, ya kwaso ya sauka a kan tafasar da ta fito, cikin kwanaki ta yi rawaya ta kwanta. Mai gonar ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, kwalba ɗaya kuwa tana yi masa aikin mutum da yawa. Mun yi da shi zai riƙa barin taku biyar daga turakunmu, ɗalibai su nome masa wannan da fartanya.

Na daɗe ina tunanin maganin ciyawa ya fi na ƙwari yi wa malam-buɗe-littafi illa a ƙasar nan, ko da yake ba shi yake kashewa kai tsaye ba. Fartanya tana barin gefe, tana barin gindin bishiya da bakin hanya. Famfo ba ya barin komai, har burtali da bakin rafi ana bi da shi. Matan garin sun riga ni lura, domin tafasa da rama da ake tsinka a yi kwaɗo yanzu sai an yi nisa, kuma ba ka da tabbacin ba a fesa musu ba. Mun ba su izinin tsinkar ganye a ɓangaren da ya tsira, da sharaɗin kada a tuge daga tushe. Tun daga ranar suka zama masu gadin wurin, sun fi mu sa ido.

9 ga Agusta, 2025

Marka. Littafin ƙirge ya fara cika. A mashayar shanu da ke bakin kwari muka tarar da farare da masu ruwan ɗorawa sun yi dafifi a kan laka, fiffike a tsaye, suna tsotsa. Yawancinsu maza ne, gishirin da ke cikin damshin da fitsarin dabba suke nema. Makiyayin da ke wurin ya ce kullum yana ganinsu, ya kuma yi alƙawarin zai riƙa karkatar da shanunsa daga turakunmu.

Wani maƙwabci mai renon dashen lemu ya kawo ƙarar tsutsa tana cinye masa ganye. Mun je. Ƙananan launinsu baƙi da fari ne, sak kashin tsuntsu, da haka suke ɓoye wa masu cin su. Manyan kuwa kore ne shar, in ka taɓa su sai su fito da wani ƙaho mai reshe biyu, ja-ja, mai wari. Wannan ce ke zama babban baƙin nan mai ɗigon rawaya. A kan dashe ƙarami ɓarna ce ta gaske, ban musa masa ba. A kan babbar bishiya kuwa ko alama ba ta yi. Yanzu ɗalibai biyu ke zuwa suna tsince su da hannu suna mayar da su kan tsohon lemun tsamin da ke bayan gidansa.

Kututturan da muka huda da ramuka masu faɗi daban-daban sun samu baƙi. Wasu ramukan an toshe su da laka, wasu da guntayen ganye da aka yanka a zagaye. Manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu ƙugi da ke huda azara sun haƙa nasu da kansu. Mun bi ɗaya har kan furen gauta: ya rungume shi, ya girgiza jiki da wata ƙara siririya, gari ya zubo masa a ciki. Furen gauta da tumatir da tafasa sai an girgiza shi yake sakin gari sosai, ƙudan amya kuwa bai iya wannan ba.

Riɗin makaranta ya kusa fure. Mun rufe wasu gindi da tsohon gidan sauro mai tsabta wanda ba a jiƙa da magani ba, muka bar na kusa da su a buɗe, don mu ga bambancin da zuwan ƙwari ke yi.

13 ga Satumba, 2025

Wake ya fara fure, feshi ya tashi ko'ina. A nan ba na iya ce wa kowa kada ya fesa. Tsutsar da ke huda fure da kwanson wake tana iya tashin gona guda, kuma manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 kafin ya girbe. Abin da muka roƙa shi ne yamma, tunda furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Yawancin maƙwabtanmu sun karɓa, wasu don sun ji labarin kankanar Baffa ta bana, wadda ya ce karkatattun sun ragu.

Biyu daga cikinsu sun shuka SAMPEA 20-T, irin da cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, wanda aka sauya wa halitta don ya kare kansa daga wannan tsutsa. Da shi feshi kan sauko zuwa sau 2. Akwai masu ƙyamar irin da aka sauya wa halitta, kuma ba na raina damuwarsu. Ni dai abin da na gani a gonakin biyu shi ne famfo ya rage shiga.

Wasu kuma sun koma jiƙa dakakken ƙwallon dogon yaro su tace su fesa. Ya fi sauƙi a kan ƙudan zuma, amma tsutsa yake hana ci da girma, kuma bai san ta wake da ta tafasa ba. Shi ma kada ya kusanci gefen.

18 ga Oktoba, 2025

Mun yanke riɗi, mun shanya na rufe daban, na buɗe daban, muka kakkaɓe a gaban iyayen yara. Na cikin gidan sauro ya yi 'ya'ya, domin riɗi na iya barbarar kansa, amma kwansonsa bai kai yawa ba, ƙwayar kuma ta fi shafal a hannu. Gwajinmu ƙarami ne, kuma inuwar ragar ma na iya rage wani abu, na faɗa musu haka. Sai dai ya tafi daidai da binciken da aka buga a 2017 daga Burkina Faso, inda hana ƙwari isa ga fure ya rage amfanin riɗi da kashi 59 cikin 100, na auduga da kashi 37. A ƙasar Gombe, wadda ta san riɗi ta kuma san auduga, wannan lissafi ne na buhu. Wani dattijo ya damƙi na nan ya damƙi na can, ya auna a tafin hannu, ya ce gani ya kori ji.

A littafin ƙirge, tun daga Yuli babu makon da gefen da aka bari bai fi wanda ake nomewa yawan malam-buɗe-littafi da yawan iri ba. Shekara ɗaya ba ta isa a ce sun ƙaru a ƙasar ba, mai yiwuwa tattaruwa suka yi inda suka sami abinci. Sai an yi shekaru ana bin hanyar nan kafin a yi magana da ƙarfi. Fararen masu baƙar jijiya kuwa sun yi ƙaranci a hanyoyin biyu, kuma dalilin a fili yake: anza guda biyu ce ta rage a duk kewayen, jiga babu ko ɗaya.

Don haka aikin da ke gabanmu reno ne. Mun cika leda da ƙasa don magarya da gawo da zogale, waɗanda furensu ke riƙe ƙudaje bayan ruwa ya ɗauke, mun kuma aika wa wani tsohon ɗalibi a wajen Nafada ya nemo mana irin anza da jiga in lokacinsu ya yi. Zan rubuta wa masu shirin dashen itatuwa na jiha, wanda aka fara a 2019, in roƙe su su sa irin waɗannan itatuwan gida cikin abin da ake rabawa makarantu. Kafin noman rani ya kankama kuma za mu zauna da samari masu feshi na lambunan ƙasan madatsa. Sarkin noma ya ce shi zai kira su, ranar kasuwa bayan la'asar.